Tambayoyi da amsoshi kan haɗa ƙaramin jirgin ruwan yaƙi da takarda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗannan su ne tambayoyin da masu sha'awar fara wannan aikin hannu suka fi yawan yi, shi yasa naga gara in haɗa su wuri ɗaya in amsa, wasu a taƙaice wasu kuma dole sai an ɗan ja su saboda nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace.

Wai da gaske takarda kawai ake amfani da ita?

Eh, kusan duka jirgin takarda ne da kwali. Ana buga sassan jirgin a cikin littafi, a kan takarda mai ɗan kauri da launinsu da komai, kowane sashe da lambarsa, kai kuma aikinka shi ne ka yanka, ka lanƙwasa, ka manna. Abinda ba takarda ba ɗan kaɗan ne, kamar siririyar waya da ake sawa cikin bakin igwa da sandunan sama don kar su tanƙware, sai zare na igiyoyi. Kuma ba sabon abu bane, a Jamus kamfanin Schreiber da aka kafa a Esslingen a 1831 ya daɗe yana buga irin waɗannan takardu, a ƙasar Polan kuma mujallar Mały Modelarz tun 1957 ta fara fitowa, yara da manya da dama ta hanyarta suka koyi aikin. Har yau ɗin nan in ana maganar jirgin yaƙi na takarda to ƙasashen nan biyu ne a gaba.

Menene ma'anar 1:200 da 1:250 da nake gani a jikin littafin?

Shi ne ma'aunin da aka rage jirgin da shi. 1:200 na nufin duk santimita 1 a hannunka santimita 200 ne, wato mita 2, a jikin jirgin gaske. Ɗauki Bismarck na Jamus, tsawonsa kusan mita 251 ne, to a 1:200 zai fito santimita 125 da ɗoriya, a 1:250 kusan mita 1 cif, a 1:400 kuma wajen santimita 63. Yamato na Japan mai mita 263 a 1:200 ya haura santimita 131. Kaga kenan kafin ka ɗauki reza sai ka fara tambayar kanka ina zan ajiye shi in na gama, don ba wasa bane abu mai tsawon mita ɗaya da kwata wanda ba'a so a taɓa shi.

Kamfanonin Polan irin su GPM da Halinski da Modelik sun fi yin 1:200, na Jamus irin su Wilhelmshavener da HMV 1:250 suke yi, JSC kuma an san su da 1:400. Kar ka ɗauka ƙaramin ma'auni shi yafi sauƙi fa, a 1:200 ma mutum mai tsayin mita 1.7 milimita 8.5 ne kacal, to lissafa yadda tsani da ƙofa zasu koma a 1:400. Sai dai masu zana 1:400 sukan rage ƙananan kaya da yawa, su buga su a jikin bango kawai, wannan ne ke kawo sauƙin.

Da wane jirgi ya kamata in fara? Ni Bismarck nake so.

Kowa Bismarck yake so, ko Yamato, kuma na fahimta, manyan igwa guda 8 masu bakin santimita 38 a cikin hasumiya huɗu abu ne mai ɗaukar ido. Amma dan Allah kar ka fara da shi. Irin waɗannan sassansu dubbai ne, kuma abinda ke karya gwiwar mutum ba wahalar sashe ɗaya bace, maimaici ne, zaka haɗa ƙaramar bindigar harbo jirgin sama ɗaya kaji daɗi sai ka duba kaga saura da yawa irinta sak, ga kwale-kwalen ceto ga fitilu ga tagogi, a haka kwalin ke komawa ƙarƙashin gado rabi da rabi.

Ka fara da ƙarami wanda zaka ga ƙarshensa. Jiragen rakiya na Birtaniya da ake kira Flower, waɗanda suka dinga raka jiragen kaya a tekun Atlantika lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsawonsu wajen mita 62 ne, a 1:200 santimita 31 kenan, babbar bindigarsu ɗaya ce a gaba. In kana son abinda ya ɗan fi haka akwai Błyskawica na Polan mai mita 114, wanda aka ƙera a Cowes ta Ingila ya shiga aiki a 1937, yanzu haka yana ajiye a Gdynia mutane na shiga kallo, kaga hotunansa ba zasu yi maka wuyar samu ba. Ko kuma USS Monitor na Amurka na 1862, shi kusan shimfiɗaɗɗen daɓe ne, wato saman jirgi da ake takawa, da hasumiya ɗaya zagayayya a tsakiya, yana da daɗin koyon hannu sosai. Duk abinda zaka buƙata a Bismarck ƙaramin zai koya maka shi, bambancin yawa ne kawai.

Wane kayan aiki zan tanada?

Ba su da yawa. Wuƙar yanka mai siririn baki da ake canza mata reza, rula ta ƙarfe, shimfiɗar yanka don kar ka ɓata teburi kuma kar bakin wuƙar ya dakushe da wuri, ƙaramin almakashi, matsefata mai tsinin baki don ɗaukar ƙananan sassa, tsinken sakace na shafa gam, allura ko bakin biron da tawadarsa ta ƙare, ƴan sanduna zagayayyu masu kauri daban daban na naɗe takarda, samfefa mai laushi, da kalar ruwa ko alƙaluman kala. Abu ɗaya da bana so a yi masa rowa shi ne reza, da zarar kaji ta fara jan takarda maimakon ta ratsa ta to canza ta, dakusasshiyar reza ita ke yage gefe kuma ita ce ke zamewa ta sami yatsa saboda sai ka danna da ƙarfi.

Wace irin takarda, kuma zan iya bugawa da firinta ta?

Takardar ofis ta yau da kullum giram 80 ce a kowane murabba'in mita, kaurinta wajen milimita 0.1, tayi laushi da yawa ga bango da daɓe amma tana da kyau wajen naɗe bakin bindiga da ƙananan abubuwa. Yawancin sassa ana buga su a kan mai giram 160 zuwa 200. Ƙashin cikin jirgi kuma ana manna shi a kan kwali mai kaurin milimita 1, wani lokaci rabin milimita, littafin zai faɗa maka, galibi da ƴar alamar tauraro kusa da lambar sashen.

In zaka buga da kanka ka tabbatar firinta na kan kashi 100, ka kashe wancan zaɓin da ke matse zane ya dace da shafi, don in shafi ɗaya ya ragu ko da kaɗan ne to fatar jirgin bazata haɗu da ƙashinsa ba. Ka lura kuma A4 milimita 210 ne da 297, takardar Amurka kuma 216 da 279, ba ɗaya suke ba. Firinta mai tawada launinta na shiga cikin takarda amma ruwa na narkar da shi, mai leza kuma bata tsoron ruwa sai dai launin a saman takarda yake zaune, yana iya tsagewa a wurin ninki. In kana so ka mayar da 1:200 zuwa 1:250 sai ka buga a kashi 80, akasin haka kuma kashi 125, amma ka tuna kaurin kwalin shima dole ya canza, in ba haka ba tsagogin da ƙashi ke shiga cikin juna zasu yi maka ƙunci ko su yi sako-sako.

Wane gam ne yafi?

Babu guda ɗaya da ke yin komai. Farin gam irin na kafintoci yana bushewa ba'a ganinsa kuma yana riƙe takarda sosai, da shi ake yawancin ƙananan sassa, matsalarsa ruwa ne a cikinsa, in ka shafa shi a wuri mai faɗi takarda zata sha ta kumbura in ta bushe kuma ta murɗe. Saboda haka wurin manna daɓe ko liƙa ƙashi a kan kwali gara gam marar ruwa irin su UHU na cikin bututu ko gam na fesawa. Sufa gulu kuma amfaninsa ƙarfafa abu, ka ɗiga kaɗan a kan siririn sashe sai ya shiga cikin takardar ya sandare har ka iya goga masa samfefa, sai dai yana duhunta launi kuma tururinsa na shiga ido, a buɗe taga. Ko wanne ne dai kar ka matsa shi kai tsaye a kan sashe, ɗiga shi a gefe ka ɗiba da tsinke, kaɗan ya isa.

Me yasa gangar jikin jirgi tafi komai wahala?

Yauwa, nan ne maganar take. Takarda ta yarda ka lanƙwasa ta ta fuska ɗaya, zata yi maka bututu zata yi maka siffar mazurari ba gardama, amma bazata taɓa yarda ta lanƙwasu ta fuska biyu a lokaci guda ba sai ta yamutse, ita kuwa gangar jirgi musamman wajen hanci da ƙarƙashin baya inda farfela suke ta ko'ina a lanƙwashe take. Shi yasa masu zane suke yayyanka fatar gida gida, kowane yanki ya rufe daga haƙarƙari ɗaya zuwa na gaba, in an jera su sai ido ya ga kamar lanƙwasa ɗaya ce.

Ƙarƙashin fatar akwai ƙashi, wato doguwar takarda a tsaye daga hanci zuwa baya ita ce ƙashin baya, sai haƙarƙari da ke shiga cikinta a gicciye ta hanyar tsaga, sai shimfiɗa a daidai layin ruwa, sai daɓe a sama. Babu wanda zai ga wannan ƙashin in an gama, amma wallahi shi ne jirgin, in ya karkace da milimita ɗaya a tsakiya to a hanci ya zama uku, daɓe bazai zauna ba, fata bazata kai ba, hasumiyar igwa zata kalli gefe, kuma babu fentin da zai ɓoye wannan. Saboda haka bayan ka liƙa sassan ƙashi a kwali ka danne su da littattafai masu nauyi su kwana kafin ka yanka, wajen yanka ka riƙe wuƙa a miƙe kar ta kwanta, ka bi layi sau uku ko huɗu a hankali maimakon ka nemi ratsa kwalin a bugu ɗaya, ka haɗa komai ba gam tukuna ka gani ko ya zauna, sannan ka kafe shimfiɗar a kan katako ko gilashi mai santsi ka gina a kai, kar ka cire sai daɓe ya hau ya bushe. Lokaci zuwa lokaci ka sa idonka a daidai hancin jirgin ka hango zuwa baya, ido yana kama karkata da rula bata kamawa.

Na manna fata amma haƙarƙarin duk sun fito ana ganinsu, ya zanyi?

Wannan kusan kowa sai ya haɗu da shi, jirgi ya fito kamar ramammiyar saniya. Dalili biyu ne, ko dai ka danna fatar da yatsa a tsakanin haƙarƙari inda babu komai a ƙasa, ko gam mai ruwa ya ja ta ciki da ya bushe. Maganin farko shi ne ka ba kowane yanki siffarsa tun kafin ya taɓa gam, ka ɗora shi a tafin hannu ko kan abu mai laushi ka dinga murza sanda a bayansa har ya lanƙwasu da kansa, yadda in ka aza shi a kan ƙashi zai zauna ba tare da ka riƙe ba. Gam aikinsa riƙewa ne kawai, in kana tilasta takarda da gam to wata rana zata koma inda take so.

Bayan haka ka goge gefen haƙarƙarin da samfefa su bi kwanciyar jikin jirgin, ka manna siririn ƙyallen takarda a kan kowane haƙarƙari don bakin yanki biyu su sami wurin zama. Masu son aiki ya fita tas sukan cike tsakanin haƙarƙarin da farin soso mai tauri ko katako mai laushi su goge shi daidai, wasu kuma su yi fata biyu, ta farko da farar takarda a goge ta sannan mai launi ta hau kai. In soso zaka sa ka kiyaye, gam marar ruwa da sufa gulu suna cinye shi, farin gam ne nasa. Kuma ka fara manna fata daga tsakiya kana tafiya hanci da baya, dama ɗaya hagu ɗaya, in ka gama gefe guda gaba ɗaya kafin ɗayan zai ja jirgin ya tanƙware.

In yi cikakken jiki ne ko iya layin ruwa?

Ga mai farawa iya layin ruwa, wato jirgin a yanke daidai inda ruwa ke tsayawa ya zauna daram a kan teburi. Duk wahalar lanƙwasar nan a ƙasan ruwa take, to ka tsallake ta a karon farko. In hannu ya faɗa sai kayi cikakke da jan cikinsa, jan nan a jirgin gaske fenti ne mai hana ƙwarin teku da ciyayi manne wa jiki, da baƙin layi tsakaninsa da tokar sama.

Ya ake ninki ya fito da kaifi, bututu kuma ya naɗu ba karaya?

Kafin ka ninke kowane layi ka bi shi da rula da allura ko busasshen biro ka ɗan danna, ba yanka ba, hanya kawai kake yi wa takardar. Kuma gara ka yi wannan tun sashen na jikin shafi kafin ka yanke shi. Wajen naɗi kuma ka sani takarda tana da jijiya, zarurukan cikinta sun fi kwanciya ta fuska ɗaya tun daga masana'anta, gwada tanƙwara shafi ta tsawo sannan ta faɗi zakaji ɗaya ta fi laushi, to ta nan bututu ke naɗuwa lafiya. Bakin igwa ana naɗe shi ne a jikin waya ko allura da siririyar takarda, in mai kauri ce zaka iya ɓare bayanta ka rage mata kauri, wasu kuma su ɗan huce ta da numfashi ta yi laushi. A 1:200 ramin bakin igwar Bismarck bai kai milimita 2 ba, kaga kuwa ba wurin gaggawa bane.

Me yasa nawa yake nuna takarda ne, na wasu kuma kamar ƙarfe?

Fararen gefuna ne. Duk inda ka yanka, cikin takardar fari ne, in ka haɗa jirgi mai ruwan toka sai fararen layuka su zagaye kowane sashe. Kafin ka manna kowane abu ka bi gefensa da kala mai kama da tasa, in baka sami daidai ba toka mai ɗan haske tana shiga kusan ko'ina, kuma gara ta fi launin sashen haske da ta fi shi duhu. Ka shafa daga bayan takarda don in hannu ya zame kar ya ɓata fuskar. Alƙalamin kala mai ruwa sosai yana tsotsuwa ya bazu, a gwada shi a ragowar takarda tukuna. Aiki ne mai cin rai, sashe ɗaya ɗaya har ƙarshe, amma ni a ganina babu wani abu da ke ɗaga darajar jirgin takarda kamarsa.

Shingen gefen daɓe da igiyoyi fa?

Shingen da ke hana matuƙa faɗawa ruwa wajen mita 1 ne, milimita 5 kenan a 1:200. Zaka iya yinsa da zare, ka ja shi a kan firam tsaye da kwance ka shafe da gam ya sandare sannan ka yanka, ko ka sayi wanda aka riga aka yanka da leza ko na siririn ƙarfe. Igiyoyin sama kuma siririn zare ko zaren kamun kifi mafi siranta, kar ka ja da ƙarfi zai tanƙwara sandar. Waɗannan su ne na ƙarshe, ka gina daga tsakiyar jirgi zuwa gefe kuma daga ƙasa zuwa sama, don kar hannunka ya dinga karya abinda ka gama.

Naga hotunan jirgi ɗaya amma kamanninsa daban daban, wanne ne daidai?

Duka suna iya zama daidai, shekara ce ta bambanta. Jirgin yaƙi baya zama yadda aka ƙera shi. Yamato da farko yana da hasumiya biyu na matsakaitan igwa a gefe da gefe, a 1944 aka cire su aka cika wurin da bindigogin harbo jiragen sama, haka yake har aka nutsar da shi ranar 7 ga Afrilu 1945. Bismarck yana da ratsin baƙi da fari a jikinsa lokacin da yake tekun Baltik, amma a Norway aka shafe su da toka kafin ya fita Atlantika, inda ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya HMS Hood ranar 24 ga Mayu 1941, shima aka nutsar da shi ranar 27. To ka duba shekarar da littafinka ya ɗauka ka tsaya a kanta, kar ka ɗebo kaya daga hoton wata shekara ka ƙara.

Zai iya yawo a kan ruwa?

A'a, na ajiya ne da kallo. Ko ka shafe shi da abin kariya ruwa sai ya sami kafar shiga ta wurin haɗi, kuma bashi da nauyi a ƙasa, kifewa zaiyi.

Wata nawa yake ɗauka?

Ƙarami ƴan makonni in kana zama kullum, babba a 1:200 watanni ne, wasu har su haura shekara. Gara awa ɗaya kullum da hankali a kwance da ka kwana kana yi rana ɗaya, don in ido ya gaji hannu ne ke biya. Kuma kar ka yanke sassa da yawa ka tara, yanki wanda zaka manna yanzu kawai, in ba haka ba lambobi zasu rikice maka ƙananan kuma su ɓace.

In na gama ya zan adana shi?

Abokan gabarsa huɗu ne, rana da danshi da ƙura da ƙwari. Rana tana kodar da launi musamman na firinta mai tawada, danshi yana sassauta gam ya sa daɓe ya kumbura, kyankyasai da gara kuma suna cin takarda da gam ɗin duka. Ka fesa masa ruwan kariya marar sheƙi daga nesa, shafi mai siriri sau biyu ko uku maimakon ɗaya mai kauri, wasu ma tun shafukan na nan kafin yanka suke fesawa don gam da zufar hannu kar su ɓata launi. Sannan ka sa shi a akwatin gilashi ko roba mai haske, ka kafe shi a kan katakonsa yadda in za'a ɗaga katakon za'a riƙe ba jirgin ba. In ƙura ta riga ta hau, buroshin fenti mai laushi sabo zaka bi shi da shi a hankali, banda tsumma kuma banda ruwa.